Kiɗan Mutum Dubu Da Aikin Alƙalami

Mutanen Cikaji da Muciya da sauran unguwannin Sabon Garin Zariya ba baƙin kiɗan taro ba ne. Tun shekarar 1924 da aka kafa barikin horar da kuratan soja a Zariya, kunnuwansu suka saba da badujala, begila na kuka, ganguna na amsawa, ƙafa ɗari na sauka ƙasa kamar ta mutum guda. In kuwa suka haye Kubanni suka shiga Birni ran Salla, ga kakaki, ga algaita, ga farai, ga gangunan fada, kowa da inda yake shiga da inda yake tsayawa. Duk da haka makaɗan da muka saba gani wuri guda, in sun yi yawa ainun, ba su wuce 'yan gomiya.

To, ran Litinin 12 ga Satumba 1910, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, sa'ad da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro ana nufo Zariya da Kano, tun Sabon Gari bai zama gari ba, aka tara mutum 1,029 bisa dandamali guda a birnin Munik na ƙasar Jamus. Mawaƙa 858 ne, makaɗa da mabusa 171. Na dubu da talatin ɗinsu wani ɗan gajeren mutum ne siriri mai tabarau, riƙe da 'yar sanda da ba ta fi tsinken tsire kauri ba. Sunansa Gustav Mahler, shi ya tsara kiɗan, shi ne kuma madugu. Muka ga ya kamata mu kawo labarin nan ga malaman makaranta da malaman ofis, domin in an bi shi sannu za a tarar da aikin irin nasu ne ya ɗauke nauyin wannan taro, shi ne kuma ya rayar da kiɗan bayan mai shi ya kwanta dama.

Irin kiɗan da ake nufi

Turawa suna da wani irin dogon kiɗa da suke kira simfoni. Ba na rawa ba ne, ba kuma na roƙo ba. Jama'a kan sayi tikiti su zauna shiru su saurara, kamar yadda ake sauraron mai karanta doguwar ƙasida. Akan kasa shi babi babi, galibi huɗu, wani mai sauri, wani mai nauyi, kuma ɗan gajeren take da aka ji da fari shi za a yi ta juyawa ana sake masa kama har ƙarshe. Kayan kiɗan jinsi huɗu ne. Akwai dangin goge, daga ƙarami da ake ɗorawa a kafaɗa har zuwa babba wanda ya kai tsawon mutum. Akwai dangin sarewa da algaita. Akwai dangin ƙaho da begila na farin ƙarfe da tagulla. Sa'an nan akwai tambura da ganguna da ƙararrawa.

A ƙarni na 18, zamanin Haydn, wanda ya tsara simfoni fiye da 100, makaɗa ashirin da 'yan kai sun isa, kuma kafin rabin sa'a an gama. A 1824 Beethoven ya shigo da muryoyin mawaƙa cikin simfoninsa na tara a birnin Biyana, babban birnin Ostiriya. Daga nan abu ya yi ta girma, birane suka bunƙasa, aka gina manyan zaurukan kiɗa, maƙera suka kyautata ƙahoni, kowane gwani yana so ya faɗi abin da ya fi na magabatansa faɗi da zurfi. Simfoni na takwas na Mahler shi ne inda wannan gasa ta kai maƙura. Da a ƙasar Hausa ne, da bakandamiya za a kira shi, yadda ake kiran babbar waƙar Narambaɗa, watau wadda gwani ya zuba iyakar abin da Allah ya hore masa a ciki.

Ɗan garin bariki

An haifi Mahler ran 7 ga Yuli 1860 a wani ƙauye na ƙasar Bohimiya, cikin ƙasar Cek ta yanzu. Iyayensa Yahudawa ne masu ƙaramin hali, 'ya'ya 14 suka haifa, fiye da rabi suka rasu tun suna ƙanana. Ya tashi a garin Iglau, wanda yake garin bariki ne kamar Zariya, saboda haka tun yana yaro yake bin badujalar soja, kuma har ya mutu kukan begila da takun fareti ba su fita daga kiɗansa ba. Yana da shekara 15 ya shiga makarantar kiɗa ta Biyana. Ya yi ta yawon aikin madugu gari gari, har a 1897 aka ba shi shugabancin gidan wasan waƙa na Sarkin Ostiriya, muƙamin da babu kamarsa a wannan sana'a a ƙasar. Shekara goma ya yi yana riƙe da shi. An san shi da tsanani. Wanda ya makara ba ya shiga sai an kai hutu, makaɗin da ya yi sakaci kuwa sai ya maimaita wurin shi kaɗai a gaban 'yan'uwansa.

Aikin ofis da na madugu ya cinye masa shekara, sai lokacin hutun bazara kaɗai yake samun damar tsara nasa. A hutun 1906, cikin wata 'yar bukka da ya gina a daji bayan gidansa na bakin tafki a Maiernigg, ya zauna ya tsara simfoni na takwas cikin wajen wata biyu. Babi biyu ya yi masa. Na fari ya ɗora shi bisa wata tsohuwar waƙar addu'a ta Kirista cikin Latinanci, wadda aka yi tun ƙarni na 9. Na biyu ya ɗora shi bisa ƙarshen littafin Faust na Goethe, babban mawaƙin Jamus, labarin wani malami da kwaɗayin sani ya kai shi ƙulla alkawari da Shaiɗan, daga baya rahama ta riske shi, matar da ya cuta tana cikin masu roƙa masa gafara. Harshe biyu ke nan, da shekara wajen dubu tsakaninsu, amma take guda ya ɗinke su.

Shekara ta zagayo da masifa. A 1907 babbar 'yarsa Maria ta rasu tana da shekara huɗu, likita ya gaya masa zuciyarsa ba lafiya, ya kuma bar muƙaminsa bayan jaridu masu ƙin Yahudawa sun daɗe suna sukarsa. Ya koma aiki a Niyu Yok ta Amurka. Takardun simfonin suka zauna shekara huɗu ba wanda ya ji sautinsu.

Yadda aka haɗa mutum dubu

Wani dillalin wasanni na Munik, Emil Gutmann, shi ya ɗauki nauyin shirya taron. Shi ne ya raɗa masa suna Simfonin Mutum Dubu don ya sayar da tikiti, sunan da Mahler bai so ba ko kaɗan, gama yana tsoron kada aikinsa ya zama abin kallon kasuwa. Babu gari guda da ke da mawaƙan da za su isa. Sai aka ɗauko 250 daga wata ƙungiyar mawaƙa ta Biyana, 250 daga wata ta Laifzig, aka haɗa da yara 350 na makarantar koyon waƙa ta Munik, da gwanaye takwas masu waƙa ɗai ɗai, mata biyar, maza uku. Tsakanin Munik da kowane ɗaya daga biranen nan biyu bai gaza nisan Zariya da Sakkwato ba. Mai kiɗan kuwa yana can hayin teku har watan Afrilu.

Mai karatu zai tambaya, yaya mutanen da ba su taɓa ganin juna ba za su koyi waƙa guda a gari uku, ran da suka haɗu kuma ta zo daidai? Amsar ita ce rubutu. Wajen shekara 900 kafin wannan rana, wani malamin coci a Italiya mai suna Guido, mutumin Arezzo, ya gaji da koya wa yara waƙa da ka, abin da kan ci shekara goma. Sai ya ja layuka a takarda ya riƙa ɗora alamu bisansu, alama ta hau murya ta hau, ta sauka murya ta sauka. Da wannan dabara yaro ya iya rera waƙar da bai taɓa ji ba. Na baya suka ƙara a kai, layuka suka zama biyar, siffar alama ta nuna tsawon sauti, aka sami alamar shiru, da ta ƙarfi, da ta sassauci, aka kuma yanka kiɗan gaɓa gaɓa aka ba su lamba. Ashe malamin makaranta ne ya aza tubalin fari.

Babban kundin da madugu ke dubawa yana ɗauke da layin kowa da kowa, wani bisa wani, daga saman shafi har ƙasa. Amma mai goge ba ya bukatar na mai ƙaho. Saboda haka sai masu kwafi da masu ɗab'i na kamfanin Universal Edition a Biyana suka zauna suka fitar wa kowane jinsi nasa kashi dabam. Wani gwani kuma, Josef von Wöss, ya taƙaita kiɗan makaɗa duka ya koma na fiyano guda, don a sami abin koya wa mawaƙa. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin haraji ko na baitulmali ya san irin wannan aiki. In mai kwafi ya tsallake gaɓa guda a takardar mai tambari, to, mai tambari zai buga kafin lokaci, mutum dubu su ji kunya a gaban mutum dubu uku. Ba a tafa wa mai kwafi, amma ran da ya yi kuskure kowa zai sani.

Da takardu suka isa, sai aiki ya koma hannun malamai. Franz Schalk ya koya wa na Biyana, Georg Göhler ya koya wa na Laifzig, Bruno Walter, almajirin Mahler, ya riƙa bi da gwanayen nan takwas, malaman makarantar Munik kuma suka yi ta fama da yara 350 wata da watanni. Galibin manyan mawaƙan nan 500 ba waƙa ce sana'arsu ba, mutane ne masu aikin yi da rana, da maraice su taru su koya don sha'awa. Da Mahler ya komo Turai ya bi garuruwan ɗaya ɗaya cikin watan Yuni yana ji yana gyara. Sai a makon ƙarshe kafin ranar aka haɗa kowa wuri guda, shi kuwa ga ciwon maƙogwaro, ga rikicin gida da ya sha fama da shi a wannan bazara.

Ranar taro

Zauren da aka yi abin sabo ne, na filin baje kolin Munik, yana cin mutum 3,200, ya kuwa cika maƙil. Cikin masu sauraro akwai Richard Strauss, babban mai tsara kiɗa, da Thomas Mann marubuci, da wani saurayin madugu, Leopold Stokowski. Da Mahler ya fito, jama'a duka suka miƙe tsaye.

Ya ɗaga sanda. Abin da aka fara ji shi ne ogan, watau babban abin busa na coci mai ɗaruruwan bututu, ya saki murya guda mai kauri wadda ake ji a ƙirji kafin kunne. Nan take mawaƙa 500 suka faɗo gaba ɗaya. Babi na fari bai kai rabin sa'a ba, amma tafe yake kamar hawan daba, rukuni na kira rukuni na amsawa, wannan ya ɗauki take, kafin ya dire wancan ya ɗauka, har a ji layi da yawa suna gudu tare ba mai taka wani. Can ƙarshensa sai wasu mabusa bakwai da aka ajiye waje guda nesa da sauran, huɗu da begila, uku da dogon ƙaho mai zugewa, suka shigo daga sama.

Babi na biyu ya kusa sa'a guda, kuma a nan ne gwanintar take. Mutum dubu suna wurin, amma minti da yawa ba a jin kowa sai goge ana shafa shi a hankali, da manyan goge ana taɓa tsirkiyarsu da yatsa, da sarewa can ƙasa ƙasa, kamar daji kafin asuba. Sa'an nan maza suka shigo da raɗa. Gwanaye suka riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya, yara suka shigo da muryarsu wasai, aka ji molon Italiya da fiyano da 'yan ƙararrawa. Ɗaya daga cikin matan nan biyar tun da aka fara ba ta buɗe baki ba, ta fi sa'a guda tana jira, rabonta duka layi biyu ne kusa da ƙarshe. Mabusan nan bakwai su ma suna zaune suna ƙirga gaɓa a zuci. Waƙar rufewa ta fara da mutum ɗaruruwa suna rerawa da sauti kamar numfashi, ta yi ta kumbura sannu sannu, har ogan da tambura da ƙahoni duka suka haɗu a kanta, aka dire.

Minti 85 aka yi. Jama'a suka yi wajen minti 20 suna tafi. Mahler ya hau matakalar dandamali ya nufi inda yara suke, ya bi layi yana kama hannuwansu. Kashegari aka sake yi. Abin lura a nan shi ne, yawa kaɗai ba ya yin wannan aiki, gama kasuwa ma ta fi mutum dubu. Abin da ya bambanta su da kasuwa shi ne kowa ya san gurbinsa, ya san lokacin shirunsa, ya kuma yarda ya sa ido ga hannu guda.

Bayan mai shi

Wata takwas bayan wannan, ran 18 ga Mayu 1911, Mahler ya mutu a Biyana yana da shekara 50, a shekarar da jirgin ƙasa ya isa Kano. Sau biyu kaɗai ya ja ragamar wannan simfoni. Da a ka yake riƙe da shi, da an binne su tare. Amma takarda tana nan. Saurayin nan Stokowski ya tara mutum 1,068 ya yi shi a Filadelfiya ta Amurka a watan Maris 1916. Sir Henry Wood ya yi shi a Landan a 1930.

Daga 1933 gwamnatin Hitila ta haramta kiɗan Mahler a Jamus don asalinsa, daga 1938 haramcin ya kai Ostiriya, har aka kankare sunansa daga titin da aka raɗa masa a Biyana. Bruno Walter ya yi gudun hijira zuwa Amurka. 'Yar ƙanwar Mahler, Alma Rosé, gwanar goge, ta mutu a sansanin Auschwitz a 1944. Duk da haka ba a iya kashe kiɗan ba, domin kwafinsa ya riga ya bazu a ɗakunan ajiyar littattafai na ƙasashe da yawa. A 1959 aka yi shi a babban zauren Albert na Landan, gidan rediyon BBC ya watsa. A 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, aka yi bikin cikar Mahler shekara 100 da haihuwa, daga nan kiɗansa ya koma cikin waɗanda aka fi yi a duniya. A 2012 kuwa aka tara wajen mutum 1,400 aka yi shi a Karakas ta ƙasar Benezuwela, da yawansu yara da samari 'ya'yan talakawa waɗanda aka koya musu karatun kiɗa kyauta.

Namu fa?

Ba mu kawo labarin nan don a rena namu ba. Hanyarmu ta gado tana da ƙarfinta. Ɗan makaɗi kan tashi da gangar ubansa a kunne, kalangu kuwa magana yake yi, yana bin hawa da saukar harshen Hausa, abin da layukan Guido ba su kama shi duka ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, kan ƙaga waƙa nan take a tsakiyar fili ba takarda ba alƙalami, wannan kuwa baiwa ce da yawancin makaɗan Munik ba su da ita. Amma abin da ke cikin ka yana da rauni guda. In tsoho ya rasu, ɗansa kuma ya tafi makaranta ko ya kama wata sana'a, sai taken sarauta kaza, da busar da ake yi daren Juma'a a ƙofar fada, da kiɗan maƙera da na mahauta da na manoma, su bi shi kushewa, ba kuwa wanda zai lura sai ran da aka nema.

An yi waɗanda suka hango wannan. Fela Sowande, mutumin Abekuta, ya ɗauki waƙoƙin gargajiya ya rubuta su da alamun nan, ya tsara simfoni da su don bikin mulkin kai na 1960, ya kuma sa aka ɗauki kiɗan ƙabilu da yawa a faifai sa'ad da yake shugaban sashen kiɗa na gidan rediyon Nijeriya. A nan Zazzau, wani Ba'amurke, David Ames, ya zauna da makaɗan fada da na sana'a a 1963 da 1964 ya ɗauki kiɗansu, daga baya shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Aiki ne mai kyau, amma abin kunya ne a ce jikan mai kakaki sai ya nemi littafin baƙo kafin ya san sunan busar kakansa.

Aikin ba ya bukatar mutum dubu. Kowane malamin makaranta yana da tsohon makaɗi a unguwarsu ko a ƙauyensu. Ya same shi da ladabi, ya ɗauki kiɗan da wayar da ke aljihunsa, sa'an nan ya yi abin da waya ba ta yi, watau ya rubuta sunan take, da wanda ake yi wa, da ranar da ake yi, da maganar da gangar ke faɗi, da wanda makaɗin ya koya a wurinsa. Malamin ofis kuma, wanda ya san lamba da fayil, ya ga an ajiye kwafi a inda gara da gobara ba za su cinye duka ba, ɗaya a makaranta, ɗaya a fada, ɗaya a jami'a can Samaru. In an sami 'yan yara masu kunne, a koya musu alamun rubutun kiɗa yadda aka koya musu boko da ajami, su kuma su ga inda alamun suka gaza su ƙago namu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kowa ya kama gefensa sai ɗaki ya rufu. Allah ya ba mu ikon yi tun dattawan suna raye.